Taken Gidan Alhaji Abdulbaƙi

Ni tun ranar da yaron ga ya sauko daga kwalekwale da gitar rataye a baya, raina bai kwanta da shi ba. Ba wani abu ya yi ba. Ladabinshi ne ya yi yawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida maigidana, ya juyo ya ce mini Inna, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, har lahiyar awakina sai da ya tambaya. Wallahi da ya hita sai da na leƙa bayan ɗaki na ga suna nan.

Sunanshi Abdoulrazak, ɗan Gaya ne, wai ya yi karatun kiɗa a Yamai. Karatun kiɗa! Maigidana kuwa shi ne mai kalangun da duk Malanville ke kira Na-Allah. Ni ban faɗin sunan ga, yau dai na faɗa don ku gane. Zabiya ce ni, tun ina amarya nike waƙa a bayanshi. Da yaran zamani sunka ce biki bai yi ba in babu orkes, wato taron makaɗa masu kayan Turawa, ya ƙuƙuta ya sayi sono, injin ƙara sauti da lasifikokinshi, ya sa cigiyar mai gitar, Allah ya jeho muna wanga.

Aiki kam ya iya, ba ni zaluntar shi. In ana rawa shina bin kalangu sau da ƙafa. Amma in an zuba shinkafa mutane sun duƙufa ga ci, sai shi rage sauti shi shiga wani kiɗa nashi da shike kira jaz. Wani tsohon kiɗan Amirka ne, sanyi-sanyi, ya girmi ubanshi. Abin da na fara lura da shi, bai taɓa kaɗa shi iri ɗaya sau biyu ba. Farkon ɗaya ne, ƙarshen ɗaya ne, tsakiyar kuwa kullum sabuwa. Na ce ma maigida, yaron ga ko dai mantuwa gare shi, ko kuwa akwai abin da shike ɓoyewa. Ya ce in bar yaro shi ci abincinshi.

Bari in gaya muku mi ne ne take, don ƴan yanzu sai su ce waƙa ce kamar kowace. Take kiɗan mutum guda ne da gidanshi. Uban maigidana shi ya ƙaga ma Alhaji Abdulbaƙi nashi, zamanin da Alhaji ke loda albasa daga nan zuwa Kwatano. Gaɓa ukku gare shi: a kira mai shi, a yabe shi, a sauke. In an kaɗa, mai take shi miƙe tsaye shi ɗaga hannu. Wanda ya kaɗa anka tashi mashi anka yafa mashi riga, shi ne makaɗin gidan, ko suna ko aure ko dawowa daga Makka, ƙofarshi za a kai goro. Alhaji ya rasu, uban maigida ya rasu. Saura Hajiya Kaka, matar Alhaji, ita ke tashi, saura maigidana shi ke kaɗawa. Ɗanmu Rabiou kabu-kabu ya zaɓa, ko riƙon makaɗi bai iya ba. In ka ɗebe taken ga, mu da kowane mai sono na haya ɗaya muke.

Sau ɗaya yaron ya ji shi, a wani suna da anka yi gidan Hajiya bai daɗe da zuwa ba. Wanshekare da hantsi muna gwaji a tsakar gida, ya ce, “Baba, kiɗan jiya da Hajiya ta tashi ma, don Allah ka sake mini shi.”

Maigida ya ce ba a kaɗa shi don wasa.

“Ba wasa ba ne, Baba. Wani abu na ji a ciki, har na kasa barci.”

Na aje tsintsiya na matso. Na ce, “Mi ka ji?”

Sai ya gyara zama, murna ta cika shi an tambaye shi. Ya ce, “Kin gani, Inna, kiɗan jaz hawa biyu ne. Akwai na sama, wanda kowa ke ji har shi rera. Akwai na ƙasa, akor, wato sauti ukku ko huɗu da nike dannawa tare.” Ya danna, abin ya ce ƙirrin. “Su akor ba su canzawa, a jere suke kamar tashoshi, ka bar Malanville, ka tsaya Guéné, ka wuce, ka juyo. Na sama kuwa sau guda nike kaɗa shi don a gane shi, sai in aje shi in ƙago nawa. Yau daban, gobe daban, muddin ina isa kowace tasha kan kari. Akor na biyu shi miƙa ka ga na biyar. Na biyar ba shi da haƙuri, tilas shi maido ka na ɗaya, shi ne gida.”

Na ce, “Ashe dai sata ce kuka je koyo Yamai. Ka ɗauki kiɗan wani, ka tuɓe mashi riga, ka sa mashi taka.”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Haka kowa ke yi, Inna. Mai kiɗan ma in ya ji, daɗi zai ji.”

Kun ji fa. Ga mutumin da a wurinsu ɗaukar kiɗan wani ba abin kunya ba ne, abin yabo ne, kuma ga shi zaune tsakar gidana shina roƙon a sake mashi take. Na harari maigida. Shi kuwa, Allah ya yi shi da son a yaba hannunshi, ya riga ya saɓa kalangu. Ya kaɗa gaɓa ta farko da ta biyu. Yaron ya ce a hankali, Baba, ja shi kaɗan. Sai ya shimfiɗa akor ɗin tsohon kiɗan Amirka a ƙarƙashi, taken ya zauna bisa su daram, ba gyara. Ban taɓa jin taken ga da daɗi haka ba, kuma daɗin ne ya ba ni tsoro. Kahin a kai gaɓa ta ukku na ture roba da ƙafa, ruwa ya malale har ƙarƙashin sono, kowa ya watse ɗauke wayoyin wuta.

Daga ranar na sa mashi ido. Na ga portabul ɗinshi, wayarshi ta hannu, kullum tana bisa sono, huskarta a kihe. Na tambaye shi, ya ce da ita shike daidaita tsirkiyoyin gitar. Daidaitawa tun sahe har azahar? Na ga duk ranar kasuwa sai ya ratsa ta rumfar albasar ɗiyan Hajiya ya gaishe su, shi da ko miya ba shi yi. Na ga ƙetare gulbi ya yi mashi yawa, wai gyatumarshi ba ta da lahiya a Gaya, amma gitar ba ta zama, tare suke tahiya. Ran nan kuma na biyo shi a baya a layin masu kihi, bai san ina nan ba, na ji shina gunguni da hanci. Gaɓa ta biyu ce, ko a mafarki na san ta.

Na zo gida ina huci. Na ce, “Baban Rabiou, kai kana nan kana ɗaure tsarkiya, yaro na can shina tallar gadonka a kasuwa. Gobe sai ka ji shi a rediyon Yamai da sunan wani.”

Ya ce, “In kore shi?”

Korar ba ta yiwuwa. Auren Rauda jikar Hajiya ya matso, kuma amarya ta ce da bakinta tana son mai gitar. Maigida ya kwana biyu shina nazari, sannan ya zo da dabararshi. Ya ce tun da gaɓa ta ukku sau ɗaya tak yaron ya ji ta, cikin hayaniyar suna, to zai ba shi wata. Ya ƙaga ta ƙarya, ta yi kama da ta gaskiya har kusan ƙarshe, sai ta karkace ta tsaya a sama maimakon ta sauka. In ya sata, shi saci banza. Na ji daɗin dabarar ga, har na yanka mashi zabo.

Da anka zo gwaji ya kaɗa ta ƙaryar. Yaron na biye da akor, sai na ga ya yamutsa huska kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Ya ce, “Baba, sake.” Anka sake. Ya ce, “Wanga bai komo gida ba. Ya tsaya bisa na biyar shina jira.”

Maigida ya ce, “Gidan wa? Ubanka ya ƙaga shi ko nawa?”

“Yi haƙuri, Baba. Kunnena ne.”

Ya koma ga gitarshi. Amma kullum anka kai wurin, sai in ga yatsanshi ya ɗan motsa bisa wuyan gitar, ba sauti, shina neman wani wuri. Ni kuwa ina kallon yatsan. Haka munka yi ta yi har biki ya zo, maigida na kaɗa ta ƙarya sahe da marece, don yaron shi haddace ta da kyau.

Ranar bikin anka kafa rumfuna sunka tare layin gaba ɗaya. Mutanen Gaya sun ƙetaro, na Madécali sun zo bisa babura, ƴan kasuwar albasa kaf suna nan da manyan riguna. Bayan la'asar anka hito da Hajiya Kaka, jikoki biyu na riƙe da ita, anka zaunar da ita a kujerar gaba. Tsuhwa ta kama ta ƙwarai, yanar ido ta ruhe mata gani, ko wanda ke gabanta ba ta ganewa sai ya yi magana. Bisa cinyarta ga riga a ninke, shuɗiya, sabuwa dal, ƙamshin shuni har inda nike tsaye.

A hanya mun yi magana da maigida. Na ce yau kam ta gaskiya, ko? Ya ce ta gaskiya mana, ina hauka?

Ya shiga hili ya kaɗa kira. Wuri ya yi tsit. Ya kaɗa yabo, na ɗora murya, Hajiya ta dafa hannun kujera tana shirin tashi. Sai na ga maigida ya waiga. Na bi idonshi. Portabul ɗin yaron tana bisa sono, a kihe, daf da lasifika. Na ga muƙamuƙinshi ya motsa. Na san huskar ga, ita shike yi in zai yi taurin kai. Ya danna kalangu a hammata, ya saki ta ƙarya.

Lissahinshi, Hajiya ta san shi ne, ta ji kira ta ji yabo, za ta tashi ko ƙarshen ya ɗan karkace. Ba ta tashi ba. Ta saki hannun kujera ta karkata kai, tana jira. Gaɓar ta tsaya a sama, ita ma ta tsaya.

Ta ce da ƙarhi, irin na wanda kunnenshi ya fara nauyi, “Wanga na wane ne?”

Innalillahi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babban ɗanta ya sunkuya ya ce mata Na-Allah ne, Hajiya. Ta ce ta san hannun Na-Allah, amma wanga ba taken Alhaji ba ne, ko wani baƙo anka yi ma?

Maigida ya koma farko da sauri. Zuhwa ta jiƙa mashi riga. Wanga karon ta gaskiya ya nuhwa, na rantse, na gani a idonshi. Amma hannun da ya yi ta horarwa sahe da marece ya saba da karkatacciyar hanya. Ya kama ta gaskiya, hammata ta matse inda ba a matsewa, ya gyara, ya faɗa ta ƙarya, ya hito, abin ya cakuɗe ba kai ba gindi. Ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a hili bai taɓa tsayawa tsakiyar kiɗa ba. Wata mata a baya ta ce, “Tsuhwa ce.” Na juya in ga wace ce mai bakin, ban gane ta ba, da ta ji a jikinta.

Cikin shirun ga sai na ji gitar. A hankali, akor ɗin nan na lokacin cin shinkafa, ɗaya na bin ɗaya. Na ce a raina, madalla, ka ruhe muna kunya da kiɗanka na Amirka har maigida shi dawo hayyacinshi. Ya zaga su sau guda. Da ya zagayo sai ya ɗora kira a sama, da tsirkiya ɗaya. Ya ɗora yabo. Ya iso gaɓa ta ukku, ya hau inda ta ƙarya ke hawa, ya ɗan tsaya bisa wurin da take maƙalewa har na ce to, shi ma ya faɗa ramin. Sai ya gangaro. Sauti ukku, ƙasa, ƙasa, ƙasa, daidai inda uban maigida ya aje su.

Hajiya Kaka ta miƙe ba wanda ya riƙa ta. Ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatunta. Guɗa ta tashi ko'ina, ban da bakina. Ta ce a kawo mata mai kiɗan. Babban ɗanta ya dubi maigida, ya dube ni. Ta ce, “Na ce wanda ya kaɗa.”

Yaron ya ƙi tashi. Sai da anka jawo shi, wayar gitar na biye da shi a ƙasa. Ya durƙusa shina cewa, “Hajiya, na Baba ne, ni taya shi na yi.” Ko ta ji ko ba ta ji ba, ta lalubo kanshi ta yafa mashi rigar. Maigidana na tsaye tsakiyar hili da kalangu a hammata, mutane na ratsa shi ta dama da hagu suna zuwa liƙa ma yaro.

Ban jira an watse ba. Na tare shi bayan rumfa inda anka aje gurup, injin wuta, rigar na hannunshi. Na ce, “Ba ni portabul ɗin.”

Ya miƙo ba musu. Na ce shi buɗe, ya buɗe. Wata allura ce ke lilo a huskar in an yi sauti, ba komi. Na ce shi buɗe inda ake aje murya. Muryar wata tsohuwa ce tana Zabarmanci, tana tari. Na ce, “Ka goge.”

“Ban ɗauka ba balle in goge, Inna.”

“To ina ka samo saukar? Sau ɗaya ka ji ta, ana hayaniya.”

Ya ce, “Sau ɗayan ma ban riƙe ta duka ba. Amma wadda Baba ke kaɗawa a gida ta tsaya bisa na biyar. Daga nan, da sautukan da kalangu ke da su, hanyar komawa gida ba ta da yawa. Na gwada su a raina, guda ce ta yi kama da abin da na ji ranar suna. Na zaci Baba gwada ni shike yi.”

“Kuma ka ga ya dace ka kaɗa ta gaban duniya.”

“Na ga Baba ya tsaya. Na ce in na nuna mashi bakin hanyar zai karɓa.”

Na dube shi sama da ƙasa. Idonshi ya yi ja kamar mai shirin kuka. Ko gaskiya ce, ko kuwa a Yamai har wanga ake koya musu, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na san wanda ke son nuna ma mutum bakin hanya ba shi kai shi har ƙarshenta. Na gaya mashi haka, na ƙara da wasu maganganun da ba ni maimaitawa.

Da sahe ya zo gida da rigar a ninke cikin leda, ya aje gaban maigida ya durƙusa. Maigida na zaune bisa tabarma. Ya dubi ledar ya daɗe. Ya ce, “Ba a maida ta. Wanda anka yafa ma, shi anka yafa ma. Ɗauki abinka.” Yaron ya ce to shi zai koma Gaya, ba shi sake taka garin ga. Maigida ya ce ko Makka ya koma, an riga an tashi mashi. Ni na so a ce ya yi zagi, ko ya jehe shi da takalmi. Muryar da ya yi maganar da ita ta hi ƙona mini rai, a kwance, kamar mai ba da sallahu.

Yaron bai koma Gaya ba. Wai maigida ne ya hana shi, wai in ya tahi wa zai kaɗa ma Hajiya. Na ce kai ma dai da wata magana, ya ce in yi mashi shiru. Har yau in na gamu da shi a kasuwa shina durƙusawa, ni kuwa ina amsawa da ka, ina duba hannunshi.

Bayan salla ƙarama matar babban ɗan Hajiya ta haihu. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji sallama, na leƙa, ƙanen mai jegon ne da ƙullin goro a ganye, jiƙaƙƙe, manya-manya farare. Murna ta kama ni. Na goge hannu a zane, na ƙwala ma maigida kira, ya hito har da sa hula. Mutumin ya gaishe mu da kyau, ya tambayi gajiya, goron na hannunshi bai miƙo ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, don Allah, wane gida ne mai gitar ke kwana?”

Maigida ya sa takalmi ya ce, “Zo in nuna maka.”